An ce an ƙaro bas-bas a Ankara, to wa zai riƙa gyara su?

Duk wanda ya saba tsayawa layin mota da yamma a Tudu ko Kaneshie ko Circle ya san maganar da ake yi in layi ya yi tsawo, wai ba kwanan nan aka nuna sabbin motoci a talabijin ba, to ina suke. A majalisun shayi na Nima da Mamobi ma tambayar kenan, wasu su ce an sayar, wasu su ce an kai wani gari, wasu su ce dama hoto aka ɗauka. Sau da yawa amsar tana wajen da jama'a ba sa shiga, wato yadin ajiye motoci, inda za ka tarar da mota lafiyayya a ido amma tana zaune a kan jak tana jiran makaniki ko wani ɗan ƙarfe da bai fi tafin hannu ba. Sayen mota aikin rana ɗaya ne, amma fito da ita hanya kullum da asuba aikin mutane ne, kuma lissafin waɗannan mutanen shi ne ba a cika yi wa jama'a bayani ba.

Motocin wa ake magana a kai

Akwai ruɗani tun daga nan, don mutane na haɗa komai su kira shi motar gwamnati. Metro Mass Transit, wadda har yau wasu ke kira bas ɗin Kufuor, kamfani ne da aka yi wa rajista a 2003, gwamnati na da kashi 45 cikin ɗari, sauran na hannun wasu hukumomi da bankuna irin su SSNIT, kuma tana ƙarƙashin ma'aikatar sufuri. Aayalolo daban take, an ƙaddamar da ita a ƙarshen 2016 da motocin Scania 245, kuma GAPTE ke tafiyar da ita, hukumar da asambilolin yankin Ankara suka haɗu a kanta, shi ya sa in ana maganar sufurin ƙaramar hukuma a Gana ita ce misali mafi kusa. Torotoro kuwa na mutane ne, direbobi na cikin ƙungiyoyi irin su GPRTU, asambili izini kawai take bayarwa da kula da tasha.

Bambancin yana da amfani wajen gyara. Mai torotoro in motarsa ta tsaya yau, yau ɗin zai ja ta zuwa wajen makanikinsa, ya aika yaro kasuwar kayan gyaran mota ta Abossey Okai ya sayo abin da ya lalace, gobe tana hanya, don in ba ta fita ba gidansa ba cefane. Motar hukuma ba mai wannan zafin a kanta sai in an tsara shi a rubuce, an ɗauki wanda aikinsa kenan, an ba shi kayan aiki da ikon sayen abin da yake buƙata.

Kalmomi uku da suke rikita lissafi

Na farko, motar da ke littafi da motar da ke hanya ba ɗaya ba ne. In aka ce hukuma na da mota 200, ana nufin abin da aka saya aka rubuta. Adadin da ya shafi fasinja shi ne nawa suka bar yadi da safe suka kuma kai yamma ba su tsaya ba.

Na biyu, sabis daban gyara daban. Sabis shi ne abin da ake yi wa mota tun tana lafiya, bisa kilomitar da ta ci ko kwanakin da ta yi, a canza baƙin mai da filta, a duba birki, a sa giris, a auna iskar taya, a leƙa ƙarƙashi ko wani abu na yoyo. Gyara kuwa sai ta riga ta faɗi. Garejin da ba shi da isassun hannaye kullum sabis ɗin yake fara sadaukarwa, saboda motar da ta mutu a tsakiyar titin Achimota ita ke ihu, wadda lokacin sabis ɗinta ya yi shiru take, sai a ce ta ƙara sati ɗaya, sati ya zama wata, ita ma ta dawo a bayan janwe, kuma aikin da zai ci awa uku ya koma na kwana uku.

Na uku, motocin ko-ta-kwana. Ba a fitar da duka motoci lokaci ɗaya, dole a bar wasu don su maye gurbin waɗanda ke kan ramin gyara. A Amurka hukumar tarayya mai tallafa wa sufurin birane tana amfani da ma'aunin kashi 20 cikin ɗari ga manyan kamfanoni. Saboda haka ganin 'yan motoci a yadi da rana ba laifi ba ne, abin dubawa shi ne wadda ta daɗe har ciyawa ta fito a ƙarƙashinta.

Makaniki nawa ya ishi mota nawa

Wannan ita ce tambayar da shugabanni suka fi so a ba su amsarta da lamba ɗaya, amma masu aikin ba haka suke lissafi ba, da awa suke yi. Dokar ƙwadago ta 2003 ta sa awa 8 a rana, 40 a sati, wato awa 2,080 a shekara. A cire hutun shekara wanda doka ta ce kada ya gaza kwanakin aiki 15, a cire ranakun hutun ƙasa, da rashin lafiya, da kos, da lokacin da mutum ke tsaye bakin sito yana jiran a sa hannu a takarda kafin a ba shi kaya. A ce misali abin da ya rage na riƙe sifana awa 1,400 ne. To a ce kuma kowace mota na cin awa 30 a wata tsakanin sabis da gyara, mota 100 za su ci awa 36,000 a shekara, wato wajen mutum 26. In motocin nan suka tsufa suka koma cin awa 50 a wata, sai a nemi mutum 43, alhali ba a ƙara ko mota ɗaya ba. Lambobin misali ne, kowane gareji sai ya fitar da nasa daga katin aikinsa, in yana ajiye kati.

Kuma mutum 26 ɗin nan ba duka makanikan inji ba ne. Akwai mai waya, akwai mai birkin iska, mai gyaran giyar mota, mai taya, mai walda da gyaran jiki, mai sanyi in motar na da iyakwandishan, sannan foman da mai sito da masu wanki da shan mai. In mai waya ɗaya ne tak a yadi, ranar da ya tafi jana'iza ƙauye duk motar da ta ƙi tashi sai ta jira shi. Ga kuma maganar dare, bas na aiki da rana, lokacin da take hutawa shi ne daga dare zuwa asuba, to garejin da ke buɗewa ƙarfe 8 ya rufe ƙarfe 5 dole ya cire mota daga hanya a lokacin da fasinja ya fi buƙatarta. Aikin dare kuma yana nufin alawus, da fitila mai kyau, da sito a buɗe, da motar da za ta mai da ma'aikata gida.

Akwai wani tarko da sababbin motoci ke ɗanawa. Shekara ɗaya ko biyu na farko ba sa ba da wahala, ga garanti, sai a ga kamar makanikan da ake da su sun isa har sun yi yawa. Amma da yake rana ɗaya aka saye su, kusan lokaci ɗaya za su nemi kuloci da babban aikin inji da sababbin tayoyi, aikin ya sauko gaba ɗaya kamar ruwan watan Yuni. Makaniki kuwa ba a yin sa a wata shida, wanda ake so ya riƙe motar a shekararta ta huɗu tun ranar da ta sauka a Tema ya kamata ya fara koyonta.

Abin da aka riga aka gani

Ba yau aka fara ba. Dattawa na tuna OSA da City Express, motocin gwamnati ne da suka yi tashe suka kuma ƙare. Metro Mass ta zo ta tara motoci iri-iri daga wurare daban-daban, Yaxing daga Sin, Tata daga Indiya, VDL daga Holan, har da waɗanda kamfanin Neoplan ya haɗa a Kumasi. A wajen sayayya wannan na da dalilinsa, inda aka samu bashi ko tallafi nan ake saye. A wajen gareji kuwa kowane iri sitonsa daban, littafinsa daban, ƙwarewarsa daban, wanda ya goge a kan ɗaya ɗalibi ne a kan ɗayan. Daga nan ne al'adar cire-sa ke shigowa a kowane irin yadi, a ciro fanfo daga mota mai jiran gyara a sa wa wata don ta fita, gobe a ciro sitata, jibi gilashi, kafin shekara ta farkon ta zama ƙwarangwal amma har yanzu tana littafi ana ƙirga ta.

Aayalolo iri ɗaya aka sayo, wanda ya sauƙaƙa wannan ɓangaren, amma ta haɗu da nata matsalolin. An yi tsammanin za ta samu hanyarta ita kaɗai daga Amasaman zuwa cikin gari, ba ta samu ba a mafi yawan hanyar, sai ta shiga cunkoso tare da kowa, kuɗin shiga bai kai ba, har aiki ya tsaya a ƙarshen 2018 kafin a dawo a 2019, daga baya kuma aka kai wasu motocin Kumasi da wasu biranen. Wannan ma ya shafi gyara, motar da ta zauna watanni batir na mutuwa, taya na tsagewa, robobi na bushewa, kuma motar da aka kai wani gari tana buƙatar rami da sito da makanikai a can.

Ga Kokompe ga Magazin, ina ƙarancin yake

In aka ce makanikai sun yi ƙaranci, nan ne mutanen zango suka fi mamaki, kuma suna da hujja. Ƙasar da ke da Suame Magazin, unguwar garejoji a Kumasi, inda ƙiyasin da aka fi ambata ke cewa masu sana'a sun kai 200,000, ga Kokompe da Odawna a Ankara, ya za a ce ba makanikai. Kusan kowane gida a Nima ko Sabon Zango ko Aboabo akwai wanda ya yi shekaru a hannun masta.

Na taɓa zama a wani gareji a Kokompe ina jiran mota, aka kawo wata babbar bas, mastan wurin dattijo ne, ya ce a tayar, ya ɗora doguwar sukundireba a jikin injin ya kara kunnensa a ƙotar, ya ɗan yi shiru, ya ce a kashe. Ya nuna wa yaronsa daidai inda ƙarar take fitowa, da aka buɗe kuwa nan ɗin ne. Jim kaɗan aka turo wata sabuwa wadda fitila ke nunawa a gaban direba kuma ta ƙi jan gudu, ya zagaya ta sau biyu ya ce wa mai ita, Alhaji wannan sai an kira yaron nan mai kwamfuta. Yaron ya zo a babur, ya jona waya ƙarƙashin sitiyari, ya karanta, ya ce sensa ce, ya karɓi kuɗinsa ya wuce wani garejin.

Ƙarancin yana tsakanin waɗannan mutum biyu. Mastan na da kunne da hannu amma ba shi da takarda, kuma aikin hukuma da takarda ake shigarsa. Yaron na da abin da ake nema amma abin da yake samu a yawon gareji-gareji ya sa albashin wata ba ya burge shi, ga kamfanonin haƙar zinariya da na manyan motoci a Tema da dilolin motoci duk suna neman irinsa. Wanda ya fito daga makaranta kuma, ko ATTC a Kokomlemle, ko cibiyar horo ta gwamnati a Kaneshie, ko KTI a Kumasi, yana da takarda amma yana buƙatar shekaru a ƙarƙashin wani kafin a sakar masa birkin motar da ke ɗaukar mutane da yawa.

Akwai ƙofar da aka buɗe wadda da yawa ba su sani ba. NVTI, cibiyar koyar da sana'a da aka kafa a 1970, ta daɗe tana yin jarrabawar gwajin sana'a, kuma hukumar CTVET da dokar 2020 ta kafa tana da tsarin tantance abin da mutum ya riga ya iya a ba shi shaida ko bai zauna aji ba. Ƙungiyar masu gareji ta ƙasa ma hanya ce ta samun labarin irin wannan. Sai dai takarda na buɗe ƙofa ne kawai, ba ta ƙara albashi, kuma ba ta sa a biya a kan kari.

Hanyoyi uku, kowace da masu goyon bayanta

Masu cewa hukuma ta riƙe makanikanta suna kafa hujja da cewa wanda ke ganin mota kullum ya san halinta, yana nan ƙarfe 4 na asuba, kuma ilimin yana zama a gida. Ma'aikaci ma yana samun fansho, wanda ya ɗauke shi aiki na zuba kashi 13 cikin ɗari na albashin shi yana zuba 5.5. Masu suka kuma suna cewa ɗaukar ma'aikaci a hukuma na da jinkiri, wani lokaci sai an jira izinin kuɗi daga sama, siyasa na iya shigowa a ɗauki ɗan wane maimakon gwani, sannan sayen kaya na bin dokar sayayya ta 2003, wadda aka yi don hana sata amma in ba a yi kwangilar kaya tun da wuri ba sai mota ta yi makonni tana jiran abin da ke rataye a shago a Abossey Okai.

Masu cewa a ba dila ko kamfanin da ya ƙera motar kwangilar gyara suna cewa shi ke da kwamfutar da kayan asali da horo, kuma ana iya rubuta masa sharaɗi cewa kaso kaza na motoci su kasance a shirye kullum ko a yanke masa kuɗi. Matsalarsa ita ce tsada, kuma kayan da dala ko yuro ake shigo da su alhali fasinja da sidi yake biya. A 2022 da sidi ya faɗi, hauhawar farashi ta haura kashi 54 a watan Disamba, duk wanda ke da irin wannan lissafin ya ji a jikinsa. In hukuma ta kasa biya wata biyu dila ya rufe akwatin kayansa, kuma ba kowa a gida da ya koyi motar.

Ta uku ita ce a raba, sabis na kullum da ƙananan gyare-gyare a yi su a gida, babban aikin inji da giya a ba dila, gyaran jiki da kujeru da fenti a ba garejojin gari da aka tantance. A takarda ita ta fi ma'ana, kuma ita ta fi ba 'yan Kokompe da Magazin dama, amma tana neman abin da ya fi wuya, foman mai gaskiya wanda ya san aiki, da zai duba abin da ɗan kwangila ya yi kafin ya sa hannu. In babu shi sai a biya kuɗin sabon kaya a sa tsoho. Kuma ƙaramin gareji ba zai iya jiran biya na wata shida ba, jarinsa bai kai ba.

Motocin lantarki sun ƙaro wani babi

Gana ta fitar da manufarta kan motocin lantarki a ƙarshen 2023, a watan Nuwamba 2024 kuma aka ƙaddamar da bas-bas na lantarki na farko na Metro Mass a Adenta. Irin wannan mota ba baƙin mai, ba kuloci, ba filtar gas, saboda haka wasu ayyukan na raguwa. Amma taya da birki da sitiyari da ƙofofi suna nan, ga kuma sabon aiki na batir da caja. Wayar bas ta gas bolt 24 ce, ta lantarki kuwa ɗaruruwa ce, wanda ya taɓa inda bai kamata ba zai iya rasa ransa, don haka koyo ta kallon masta ba ya isa a nan, sai da horo da safar hannu ta musamman da dokar wa ke da izinin buɗe me. Kuma na shekaru masu yawa yadi ɗaya zai riƙe gas da lantarki tare, wato iri biyu na ma'aikata.

Yadda abin ke sauka a kan mutane

Ga fasinja, kowace motar da ba ta fita ba tana nufin ƙarin jira, ko shiga torotoro biyu maimakon mota ɗaya, kuma an san yadda wasu direbobi ke yanka hanya gida biyu in mota ta yi wuya da yamma. Mai sayar da waake ko koko da ke sammakon zuwa Agbogbloshie, da ɗan makaranta, da ma'aikacin da ake yanke wa kuɗi in ya makara, su ne suka fi jin sa. Ga maganar lafiya kuma, takardar lafiyar mota ta DVLA da ake sabunta wa motar haya duk wata shida tana shaidar halin motar ne a ranar gwaji, abin da ke tsakani yana hannun wanda ke shiga rami da tocila.

Ga matasan zango kuwa, ƙaruwar motoci na iya zama aiki, amma ga wanda ya haɗa hannu da takarda da ɗan sanin kwamfuta da karatun zanen waya. Uban da ke shirin kai yaronsa wajen masta bana yana da tambayoyin da zai yi waɗanda a da ba a yi, ko garejin na taɓa manyan motoci, ko akwai na'urar karanta matsala, ko mastan na tura yaransa jarrabawa in sun gama.

A taron jama'a na asambili, ko in ɗan asambili ya zo unguwa da labarin sababbin motoci, akwai lambobin da ake iya nema banda yawan motocin, nawa ne suka fita da safiyar yau a cikin waɗanda ake da su, makanikai nawa za a ɗauka tare da sababbin kuma yaushe za su fara horo, shekara nawa kwangilar kayan gyara za ta yi, da kuma ko gareji na aiki da dare.